Bashin da ban biya ba zai hana ni samun izinin ganin sirrin gwamnatin Amurka?

Tambayar ta fito ne daga wani ɗan'uwa da ke zaune a jihar Maryland, wanda ya zama ɗan ƙasar Amurka shekaru kaɗan da suka wuce. Ya samu aikin kwamfuta a wani kamfani da ke yi wa Ma'aikatar Tsaron Amurka kwangila, da sharaɗin sai an ba shi izinin ganin bayanan sirri na matakin da suke kira Secret. Damuwarsa ita ce bashi. Akwai katin bashi guda biyu, kimanin dala 11,000, da ya kasa biya lokacin da ya zauna wata takwas ba aiki a 2023, har bankunan suka miƙa su ga kamfanonin karɓar bashi. Akwai kuɗin asibiti dala 2,300. Akwai kuma motar da ya tsaya wa abokinsa aka ba shi bashinta, abokin ya daina biya. Ga shi kowane wata yana aika wa mahaifiyarsa kuɗi a gida. Yana so ya san ko za a hana shi, da kuma ko ya fi masa ya yi shiru a kan wasu basussukan.

Malam, bari in fara da abin da zai kwantar maka da hankali, sannan in zo ga wanda zai tayar da shi. Babu wata doka ko ƙa'ida a Amurka da ta yanke adadin bashin da in mutum ya kai za a hana shi wannan izini. Babu kuma wani makin kiredit, wato makin da ake auna yadda mutum ke biyan bashi da shi, da aka ce sai ka kai shi. Mutanen da ke riƙe da izinin Top Secret, matakin da ke sama da Secret, da yawansu ana bin su bashin gida na dubban ɗaruruwan daloli, da na karatu, da na mota, kuma babu mai tada musu magana, domin suna biya a kan lokaci. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma masu tantancewar sun san haka sarai. Amma naka ba irin wancan ba ne. Naka bashi ne da ya wuce lokacinsa aka bar shi, kuma a cikin shari'o'in hana izini da ofishin sauraron ƙorafi na Ma'aikatar Tsaro, wato DOHA, ke wallafawa, matsalar kuɗi ita ce ta fi kowace yawan fitowa. Ta fi shaye-shaye, ta fi alaƙa da ƙasashen waje. Saboda haka abin ba na wasa ba ne, amma a yadda ka kwatanta shi, gyaruwa yake yi, in ka tashi tsaye tun yanzu.

Ma'aunin da ake amfani da shi yana cikin wani umarni da ake kira SEAD 4, wanda ya fara aiki a watan Yunin 2017, kuma duk hukumomin gwamnatin tarayya da shi suke aiki. A cikinsa akwai ƙa'idoji goma sha uku, daga A zuwa M. Ta kuɗi ita ce F. Abin da take cewa a taƙaice shi ne, mutumin da ya kasa rayuwa daidai samunsa, ko ya kasa sauke nauyin bashinsa, hakan na iya nuna ƙarancin kamun kai, ko raunin tunani wajen yanke shawara, ko rashin son bin doka. Sannan wanda bashi ya shaƙe shi ya fi kusa da aikata abin da bai dace ba don ya samu kuɗi.

Wannan kashi na biyun ba zato ba ne, abin da ya riga ya ci su ne. Aldrich Ames jami'in hukumar leƙen asirin Amurka, CIA, ne da rabuwa da matarsa ta farko da kashe-kashen kuɗin sabuwar rayuwarsa suka jefa shi cikin bashi. A watan Afrilun 1985 ya shiga ofishin jakadancin Tarayyar Sobiyat a Washington ya nemi dala 50,000. Daga nan bai tsaya ba sai da ya tona sunayen mutanen da ke yi wa Amurka aiki a ɓoye a can, aka kashe aƙalla goma daga cikinsu. Kafin a kama shi a Fabrairun 1994, ya sayi gida na dala 540,000 a Arlington da kuɗi hannu, yana hawa Jaguar, alhali albashinsa bai kai dala 70,000 a shekara ba, kuma an ɗauki shekaru babu wanda ya tsananta tambayar inda kuɗin ke fitowa. Brian Regan, tsohon sojan sama, bashin katinsa ya kai kimanin dala 117,000 lokacin da ya rubuta wasiƙar tayin sayar wa Saddam Hussein sirri a kan dala miliyan 13. An kama shi a filin jirgin Dulles a Agustan 2001, aka yi masa ɗaurin rai-da-rai. Na baya-bayan nan Kevin Mallory, shi ma tsohon ma'aikacin CIA, ana bin sa sama da dala 200,000 kuma ya kasa biyan kuɗin gidansa, sai wani ya tuntuɓe shi ta LinkedIn a 2017, ashe hanyar jami'an leƙen asirin Sin ce. Shekara ashirin aka yanke masa a 2019. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma a idon masu tantancewa bashin da aka yi watsi da shi tsaga ne.

To amma kada ka ɗauka suna zarginka da niyyar sayar da sirri. A mafi yawan shari'o'in, kashi na farkon ne ke aiki. Tunaninsu shi ne, wanda ya sa hannu a takarda ya yi alkawarin biya, sannan wasiƙu suka yi ta zuwa yana jefa su a durowa bai buɗe ba, mene ne tabbacin zai kiyaye dokokin riƙe takardar sirri ranar da kiyayewar ta yi masa nauyi? Halinka suke karantawa daga yadda ka yi da masu binka.

Hanyar da abin ke bi kuwa ita ce, kamfaninka ne zai gabatar da kai, domin mutum ba ya nemar wa kansa wannan izini, kuma ba ka biyan ko sisi. Za ka cike fom mai suna SF-86 ta intanet. Hukumar DCSA ta Ma'aikatar Tsaro, wadda ta karɓi aikin binciken masu neman izinin tun Oktoban 2019, za ta ciro rahoton bashinka, ta duba bayanan kotu, in da buƙata mai bincike ya zauna da kai. Sashe na 26 na fom ɗin shi ne na kuɗi, kuma ya kamata ka karanta tambayoyinsa sau biyu kafin ka taɓa komai. Yana tambaya ko a cikin shekara bakwai da suka wuce ka ayyana karayar arziki a kotu, ko ka kasa shigar da takardun haraji ko biyansa, ko an yanke maka hukuncin biyan wani bashi, ko an ƙwace maka mota ko gida, ko an miƙa wani bashinka ga masu karɓa, ko banki ya rufe asusunka don rashin biya, ko an kore ka daga gidan haya, ko ana yankar albashinka da umarnin kotu, ko ka taɓa wuce kwana 120 ba ka biya wani bashi ba. Yana tambayar kuɗin ciyar da 'ya'ya bayan rabuwar aure. Tambayar caca kuwa ba ta da iyakar shekaru, ko ka taɓa shiga matsalar kuɗi saboda ita a rayuwarka.

Nan ne maganar motar abokinka ta shigo. Fom ɗin ya faɗa ƙarara cewa ka haɗa da basussukan da ka tsaya wa wani. A wurinmu tsaya wa ɗan'uwa zumunci ne, mutum ya sa hannu ya manta, yana ganin ai motar ba tasa ba ce. A dokar Amurka wanda ya tsaya da wanda ya ci bashin duk ɗaya ne, bankin na da ikon bin kowannenku cikakken kuɗin. In an ƙwace motar an yi gwanjonta, abin da ya rage tsakanin kuɗin gwanjon da asalin bashin yana wuyanka. Cewa "ba ni na hau motar ba" ba ta taɓa fitar da kowa a gaban alƙalan DOHA.

Yanzu ga tambayarka ta biyu, wadda ita ce ta fi damuna: ko ka yi shiru. Kada ka kuskura. Rahoton bashinka zai riga ka isa teburinsu. Duk abin da ka ɓoye za su gani, kuma daga lokacin maganar ta tashi daga ƙa'idar F ta koma ƙa'idar E, wadda ta shafi gaskiya da riƙon amana. Bambancin da ke tsakaninsu babba ne. Bashi ana biyansa, a kawo rasit, a rufe maganar. Ƙarya a fom ba ta da rasit. Na ga mutanen da bashinsu bai taka kara ya karya ba, irin wanda da sun rubuta shi da an wuce wurin cikin minti biyar na hira, amma suka amsa "a'a" a inda ya kamata su ce "e", suka rasa izinin, suka rasa aikin. Ƙari a kan haka, yin ƙarya da gangan a fom ɗin gwamnatin tarayya laifi ne da hukuncinsa ke iya kaiwa shekara biyar a kurkuku. Ba kasafai ake gurfanar da mutum a kan ɓoye bashi kaɗai ba, amma gargaɗin na nan rubuce a inda za ka sa hannu.

Mutane da yawa ba ƙarya suke niyya ba, ba su san abin da ke rahotonsu ba ne. Wannan uzuri wani lokaci ana karɓarsa, wani lokaci ba a karɓa, don haka kada ka jingina da shi. Kafin ka cike fom, ka ciro rahotonka daga duka manyan kamfanoni ukun da ke tara bayanan bashin mutane, Equifax da Experian da TransUnion. Kyauta ne ta shafin annualcreditreport.com. Ka ciro duka ukun domin wani bashin yana fitowa a ɗaya bai fito a sauran ba. Ka duba da kyau ko akwai wanda ba naka ba. Masu suna irin namu, Muhammad da Abdullahi da Ibrahim da Usman, ga kuma yadda ake juya sunan uba da na kaka a takardu, sun fi fuskantar a cakuɗa bayanansu da na wani. In ka ga haka, ka shigar da ƙorafi a rubuce, doka ta ba kamfanin kwana 30 a mafi yawan lokuta ya bincika. Ka ajiye kwafin wasiƙar da amsarta.

Kuɗin asibitin nan naka, ka lura da abu ɗaya. Tun 2022 kamfanonin uku suka daina nuna bashin asibitin da aka riga aka biya, daga 2023 kuma suka cire wanda bai kai dala 500 ba. Naka ya wuce haka, zai iya fitowa. Ko da bai fito ba, tambayar fom ɗin ba ta ce "abin da ke rahotonka" ba, ta ce ko an miƙa bashinka ga masu karɓa. In an miƙa, amsar ita ce e. Daɗin abin shi ne bashin asibiti na daga cikin waɗanda aka fi sassauta wa, domin babu wanda ke zaɓar ciwo.

Wannan ya kawo mu ga zuciyar maganar, wato abubuwan da ke wanke mutum. Ƙa'idar F ta jero su, amma guda biyu ne za su yi maka aiki. Na farko, cewa matsalar ta samo asali ne daga abin da ya fi ƙarfinka: rasa aiki, karyewar kasuwanci, rashin lafiya na ba-zata, mutuwa, rabuwar aure, faɗawa hannun masu ba da bashi na zalunci, ko satar bayananka. Zamanka wata takwas ba aiki ya shiga nan kai tsaye. Sai dai jimlar ba ta ƙare a nan ba, tana da wutsiya, kuma a wutsiyar mutane ke faɗuwa: dole ne kuma ka nuna ka yi abin da mai hankali zai yi a cikin wannan hali. Alƙali zai yarda ka rasa aiki a 2023. Tambayar da zai biyo da ita ita ce, yaushe ka koma aiki, kuma daga ranar zuwa yau me ka yi? Ka kira bankin ka gaya musu halin da kake ciki? Ka nemi a sassauta maka biya? Ka tura ko da dala hamsin a wata? Ko kuwa da albashi ya dawo sai ka canza mota, ka tafi gida hutu sau biyu, bashin yana nan kwance? Bayanan asusunka na banki da tafiye-tafiyenka duk suna ba da labari, ko kai ba ka bayar ba.

Na biyu shi ne cewa ka fara ƙoƙarin biya da zuciya ɗaya kuma kana kan yi. Kwamitin ɗaukaka ƙara na DOHA ya sha nanata cewa ba a buƙatar mutum ya biya dukkan bashinsa kafin a ba shi izini, ba a kuma buƙatar ya biya su duka a lokaci guda, domin tantancewar ba hanyar karɓar wa bankuna bashi ba ce. Abin da ake so shi ne tsari mai ma'ana, da tarihin biya da za a iya gani. Wanda ake bin sa dala 40,000 amma yana da yarjejeniya a rubuce da rasit na wata goma sha biyu a jere ya fi wanda ake bin sa dala 5,000 bai taɓa ɗaga waya ba tsayuwa a gabansu.

Lokacin da ka fara biya shi ma ana auna shi, kuma wannan ne ya sa nake ce maka yanzu, ba gobe ba. Biyan da aka yi kafin a cike fom yana da nauyi sosai. Wanda aka yi bayan hira da mai bincike nauyinsa ya ragu. Wanda aka yi bayan takardar da ke jero dalilan da za a iya hana ka izinin ta iso kuwa, alƙalai kan ce wannan ba don sauke nauyi aka yi shi ba, don ceton aiki ne, kuma mutumin da ba ya motsi sai an taɓa abincinsa ba a san abin da zai yi ba ranar da babu mai kallonsa. Haka nan kuɗin da aka yanka daga albashinka da umarnin kotu, bashin ya ragu dai, amma ba a lissafa shi a matsayin ƙoƙarinka. Alkawarin "zan biya da zarar na fara wannan aikin" shi ma ba ya sayen komai.

Akwai wata shawara da ke yawo a tsakanin jama'armu a can, cewa ka ƙyale bashi kawai, bayan shekara bakwai zai goge da kansa. Rabinta gaskiya ne. Dokar rahoton bashi ta ce yawancin bayanai marasa kyau su sauka daga rahoto bayan shekara bakwai, kuma kowace jiha tana da wa'adin da bayansa mai bin bashi ba zai iya kai ka kotu ba. Ga mai neman hayar gida ko katin bashi wannan na iya wadatarwa. Ga mai neman izinin sirri ba ya aiki. Matsayar DOHA a kan wannan a fili take: zaman jiran bashi ya tsufa ya faɗi ba ƙoƙarin biya ba ne. Haka ma in banki ya cire bashin daga littafinsa a matsayin asara, wannan lissafin bankin ne, kai har yanzu ana binka.

Da ni ne kai, ga yadda zan bi da su. Kuɗin asibitin zan fara kashewa, tunda shi ne ƙarami, kuma asibitoci da masu karɓar musu sukan yarda da ragi ko biya kaɗan-kaɗan. Katunan biyu zan kira masu riƙe da su yanzu, in nemi ko dai sulhu a kan wani kaso na kuɗin a biya lokaci guda, ko tsarin biya na wata-wata da na tabbata ba zan karya ba. Sulhu a kan ƙasa da cikakken kuɗin karɓaɓɓe ne, muddin mai bin bashin ya rubuta cewa an rufe asusun. Kada ka tura ko kwabo kafin yarjejeniyar ta zo maka a rubuce. Ka kuma sani in an yafe maka dala 600 ko fiye, za a iya aiko maka da takardar 1099-C, mai nuna bashin da aka yafe, kuma hukumar haraji na iya ɗaukar abin da aka yafe a matsayin kuɗin shiga. Gara ƙaramin adadin da za ka riƙe wata bayan wata da babban da za ka yi sau biyu ka tsaya, domin yarjejeniyar da aka karya ta fi rashinta muni a takarda.

Neman shawarar masana kuɗi shi ma yana cikin abubuwan da ƙa'idar ta ambata, amma ta ce daga tushe amintacce, kamar ƙungiyoyin ba da shawara da ba na neman riba ba. Waɗanda ke ƙarƙashin NFCC, haɗaɗɗiyar ƙungiyar irin waɗannan masu ba da shawara a Amurka, misali ne. Ka yi hattara da kamfanonin da ke talla a rediyo da intanet cewa za su share maka bashi. Da yawansu abin da suke fara ce maka shi ne ka daina biyan kowa ka riƙa tura musu kuɗin, su kuma su cire ladansu tukuna. Ga mai neman izini wannan ƙara zurfafa rami ne.

Ayyana karayar arziki a kotu, ko ta babi na 7 da ke share bashi ko ta babi na 13 da ke tsara biya cikin shekara uku zuwa biyar, halal ce a doka kuma ba ta hana izini kai tsaye. Za dai a duba abin da ya kai ka can da yadda ka riƙe kuɗinka bayan nan. A adadin da ka faɗa, ban ga dalilin zuwa can ba.

Ba ka ambaci haraji ba, amma sai na tambaye ka, domin shi ne wanda ba a yi masa sassauci irin na sauran. Bashin banki tsakaninka da ɗan kasuwa ne. Haraji tsakaninka ne da gwamnatin da kake roƙo ta ba ka amanar sirrinta. Rashin shigar da takardun haraji a kan lokaci matsala ce mai zaman kanta ko da ba a binka komai, ko da ma kai ke bin su. In akwai shekarar da ka tsallake, musamman shekarar da ba ka da aiki ko wadda ka yi tuƙin Uber, ka shigar da ita yanzu, in akwai biya ka ƙulla yarjejeniya da hukumar haraji ta tarayya, wato IRS, ka fara. Wani abin kuma da ya shafe mu: akwai masu cike wa mutane takardun haraji a unguwanni da ke sa sunayen 'ya'yan 'yan'uwa ko iyayen da ke zaune a Najeriya ko Nijar ko Gana a matsayin waɗanda kake ɗauke da su, don kuɗin da za a mayar maka ya ƙaru. Dokar ba ta yarda da wannan ba ga wanda ba ɗan ƙasa ba ne kuma ba mazaunin Amurka ko Kanada ko Meziko ba. In an taɓa yi maka haka, ka nemi ƙwararren akanta a gyara takardun kafin wani ya gano.

Kuɗin da kake aika wa Hajiya, Allah ya saka maka, babu laifi a cikinsa, kuma dubban masu riƙe da izini suna yin haka. Sai dai ka san abu biyu. Fom ɗin a sashe na 20 yana tambaya ko ka taɓa tallafa wa wanda ba ɗan Amurka ba da kuɗi, da ko kana da asusun banki ko fili ko gida a wata ƙasa. Ka rubuta gaskiya, da adadi da yawan lokutan. Wannan ana duba shi ne a ƙarƙashin ƙa'idar B, ta tasirin ƙasashen waje, wadda magana ce daban mai tsawo. In kuɗin da ke asusunka na waje gaba ɗaya ya taɓa wuce dala 10,000 a cikin shekara, akwai rahoton bayyana asusun ƙasashen waje, mai suna FBAR, da doka ta wajabta. Abu na biyu ya fi ɗaci: za a kwatanta abin da kake aikawa da abin da kake biyan masu binka. Ciyar da uwa da kuɗin maganinta kowane alƙali zai gane. Amma in ana ganin dala dubu na tafiya kowane wata don ginin gida ko bikin ƙani, masu bin bashi kuma ba su ga ko ɗaya ba, abin da za a rubuta shi ne kana da halin biya ka zaɓi ƙin biya, kuma ƙin biya alhali da hali yana cikin jerin abubuwan da ke hana izini. Ka riƙa aikawa ta hanyar da ke barin shaida, ba ta hannun matafiyi ko ɗan canjin da babu rasit ba. Adashi ma haka: ranar da ka kwasa, dala dubu takwas ta faɗo asusunka lokaci guda, ka tabbata kana da abin da zai nuna daga ina take, domin dukiyar da ba a san tushenta ba ita ma tana cikin ƙa'idar F, darasin da suka koya daga Ames.

Na san wasu 'yan'uwa da ke cewa asalin kuɗin za su biya, kuɗin ruwan kuwa haramun ne ba za su biya ba. Wannan hukunci ne da za ka tattauna da malaminka, amma a wurin masu tantancewa yarjejeniyar da ka sa wa hannu ita ce abin dubawa. Hanyar da ta haɗa biyun ita ce sulhu, domin sau da yawa abin da mai karɓar bashi zai yarda ya yafe ya kai kuɗin ruwan ko ya fi.

In duk da haka ba a gamsu ba, ba a nan take ake rufe ƙofa ba. Za a iya fara aiko maka da tambayoyi a rubuce. In har yanzu da saura, sai takardar dalilai, wadda ake kira SOR, ta zo, tana jero kowane bashi ɗaya bayan ɗaya. Ma'aikacin ɗan kwangila yana da kwana 20 ya amsa, ya amince ko ya musanta kowanne, ya kuma zaɓi ko a yanke hukunci a kan takardu kawai ko ya bayyana gaban alƙali. Shawarata ka zaɓi bayyana. A takarda kai jerin lambobi ne, a zaune kuwa alƙali zai ji bayaninka ya yi maka tambaya ka cike giɓin. A wannan matakin ɗaukar lauyan da ya san fannin ba asara ba ce. Ka kuma san cewa nauyin hujja yana kanka. Kotun Ƙolin Amurka ta yanke tun 1988, a shari'ar Egan, cewa babu wanda ke da haƙƙin a ba shi wannan izini, kuma ƙa'idar ita ce duk shakkar da ta rage ana warware ta ne ta ɓangaren tsaron ƙasa. In an hana ka, sai bayan shekara guda kamfani zai iya sake gabatar da kai. Akwai kuma matsakaiciyar hanya da SEAD 4 ya tanada, a ba ka izinin bisa sharaɗin ka ci gaba da biya ana dubawa.

Abin da zai fi saurin shafarka shi ne izinin wucin gadi, wanda ake bayarwa da wuri don mutum ya fara aiki kafin a gama bincike. Da basussuka a hannun masu karɓa, akwai yiwuwar ba za a ba ka shi ba, sai ka jira cikakken hukunci, wanda kan ɗauki watanni. Rashin samun na wucin gadin ba ya nufin an hana ka na dindindin. Amma ka tambayi jami'in tsaron kamfanin tun yanzu ko za su iya jiranka ko su ba ka wani aikin da ba ya buƙatar izini kafin nan, kuma kada ka ajiye aikin da ke hannunka sai ka ji amsa. Gaya masa halin da kake ciki ba tona asiri ba ne, irin wannan maganar yake ji kullum.

Bayan an ba ka ma, ido bai ɗauke ba. A da sai bayan shekara goma ake sake binciken mai Secret, mai Top Secret bayan biyar. Yanzu an koma tantancewa ta kullum, inda na'ura ke bibiyar bayanan bashi da na kotu da na tafiye-tafiye, ta tura sanarwa in wani abu ya ɓullo. Ana kuma sa ran kai da kanka ka kai rahoto in ka ayyana karayar arziki ko ka wuce kwana 120 ba ka biya wani bashi ba.

Motar ce na bari ƙarshe domin ita ce mai wuyar sha'ani, tunda akwai zumunci a ciki. Ka kira bankin da kanka ka ji ainihin inda aka tsaya: wata nawa ake bi, an ƙwace ta ko tana hannunsa, nawa ya rage. In tana hannunsa, ku zauna, in ta kama da wani babba da yake jin nauyinsa, a sayar da ita a biya bankin, ko ya nemi sabon bashi da sunansa shi kaɗai a cire naka. In an riga an yi gwanjonta, ka ƙulla yarjejeniyar biyan ragowar da sunanka, ka fara biya, daga baya ka bi abokinka a hankali. A fom ɗin ka rubuta ta yadda take: ka tsaya wa wani, ya daina biya a wata kaza, ka samu labari a wata kaza, ga abin da ka yi tun daga ranar. Ranar hira ka tafi da fayil guda, kowane bashi da shafinsa, da wasiƙar sallama daga tsohon aikinka, da takardar fara sabon, da yarjejeniyoyin, da rasit ɗin kowane wata a jere.